Ruwan da Ya Ga Wuta

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan azahar

Kwana sha takwas da haihuwa. Yau da hantsi aka kwantar da ita a asibiti.

Littafin nan na shirya darasi ne, shi ya rage mini da na yi ritaya, shafi tara kawai na ci a ciki. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da kiwon lafiya a firamare, Malama Sabuwa ta nan, Malama Sabuwa ta can, ban taɓa rubuta abin da ke raina ba. Yau gidan ya yi shiru, ba ni da wanda zan faɗa wa.

'Yata ce ta fari, don haka ba na kiran sunanta, ko a takarda hannuna ba ya yarda. "Ke" nake ce mata tun tana goye. Da ta haihu ta zo wankan gida nan Gobarau sai na samu sauƙi, na koma "maijego". Kwana uku tana amai da gudawa, na ce kunun kanwa ne ya yi mata yawa. Jiya Sadiyya, matar ƙanena Mamman, ta buɗa mata ido ta ce, "Yaya, dubi idon ɗiyar nan, shawara ce hwa." Na ce hasken labule ne.

Ba hasken labule ba ne. Mijinta Haruna ya zo da mota daga GRA, bai ko zauna ba. Jaririyar, Madina, tana wurin Sadiyya.

Talata, 29 ga Afrilu, la'asar

Likita ya ce hanta ce. Yaro ne, da ƙyar in ya kai shekarun aikina, amma ya iya tambaya. Me take ci, wane magani aka ba ta, an jiƙa mata saiwa ko sassaƙe? Na ce ni malamar kiwon lafiya ce, ba na jiƙe-jiƙe. Ya ce a daina kanwa. Sannan ya ce, "Wane ruwa take sha, Hajiya?"

Na ce, "Tafasasshe."

Ya gyaɗa kai ya wuce. Ai gaskiya na faɗa.

Alhamis, 1 ga Mayu, hantsi

Nas-nas ɗin nan ba su san jego ba. Ruwan leda mai sanyi ƙarara suka ajiye mata a gefen gado, mace ɗanyar haihuwa. Ita kuwa ta kau da kai, ta ce Inna ta hana. Raina ya yi fari, ban nuna ba. Na jawo filas daga cikin hijabi na tsiyaya mata, ta sha kofi biyu tana lumshe ido.

Na ce, "Ke, sha a hankali, ba gudu za shi yi ba."

Iyakar abin da na iya ce mata ke nan. Sadiyya takan rungume ta, ta shafa mata kai. Ni ruwa nake kawowa.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan masallaci

Gwajin ciwon hanta da suka yi, kala uku, duk ba ta da shi. Ba zazzaɓin cizon sauro ba ne. Haruna ya tsaya a baranda yana juya takardun kamar zai ga wani abu a bayansu. Idonta ya ƙara rinewa, fitsarinta kamar shayi. An hana ta shayarwa, nono ya cika yana mata zogi, tana kuka ba sauti.

Haruna ya kai wa Sadiyya madarar gwangwani da katan ɗin ruwan gora, ya ce da shi kaɗai za a dama wa Madina. Na ce, "To, 'yan boko, mu da muka raine ku da ruwan randa ba mu san komi ba." Ya sunkuyar da kai ya yi murmushi. Yaron yana da kunya, shi ya sa nake samun damarsa.

Lahadi, 4 ga Mayu, bayan asuba

Zan rubuta yadda nake yi, don kada wata rana wani ya ce wani abu.

Tun bayan ƙaramar salla famfonmu bai ɗiga ba. 'Yan ga-ruwa sai ka yi musu layi, jarka huɗu in ka ci sa'a. Wannan nake juyewa a randa, na sha da girki. Wankan jego kuwa safe da yamma ne, babbar tukunya cike, ruwan jarka huɗu ba ya ko jiƙa gindinta. Sai Mamman ya ce akwai tafki kusa da lambunsa a bayan gari, tsohon ramin da aka haƙi ƙasar hanya, bai taɓa ƙafewa ba. Duk kwana uku yana kawo mini duro biyu a a-kori-kura.

Ruwan kore ne, ban ɓoye ba. Kamar an zuba masa fenti, da ɗan wari irin na ciyawar da ta kwana a jiƙe. Amma ni ba sakarya ba ce. Ina tacewa da farin mayafi sau biyu. Ina jefa alam ya kwanta. Sannan in ɗora a wuta tun kafin in yi salla, ya yi ta tafarfasa, ba na saukewa sai ya ƙone kashi ɗaya cikin uku. Matan unguwa da ruwa ya fara tafasa sun sauke, ni ba haka nake ba. Kafin in zuba ganyen darbejiya na wanka, nakan ɗebi na sama in cika filas, in dama mata kunu da saura.

Mu muke shan na randa, ɗanye. Ita na ware wa mai kyau.

Litinin, 5 ga Mayu, azahar

Filas biyu yau. Ta ce ƙishi take ji.

Laraba, 7 ga Mayu, la'asar sakaliya

Mamman ya zo ba duro. Ya tsuguna a bakin murhu yana tona toka da tsinke, abin da yake yi tun yana yaro in ya fasa wani abu.

Ya ce, "Yaya, kin san Hamman, Bahillacen da ka kiwo wajen lambuna? Shanu ukku sun hwaɗi mishi shekaranjiya, bakin tabkin nan. Suna sha, ba su kai ga tahiya mai nisa ba. Har karenshi."

Na ce, "Allah shi mayar mishi da alheri."

Ya ce, "Likitocin dabbobi sun zo, da wani da ya ɗebi ruwa a kwalba. Yaya, ni dai na ce ko..."

Na ce, "Ko mi? Shanun Hamman tafasa musu yake yi? Ɗanye suka sha, Mamman. Kai da ko aji shidda ba ka ƙare ba za ka koya mini ruwa?"

Ya ci gaba da tona toka. Ya ce Madina ƙurajen jikinta sun baje tun da ta koma gidansu. Na ce ai na faɗa musu na zufa ne, ɗakinsu ya fi nawa iska. Ya tashi ya tafi, ko ruwa ban ba shi ba.

Akwai sauran duro ɗaya da rabi a tsakar gida.

Alhamis, 8 ga Mayu, hantsi

Na tace sau uku. Na bar shi a wuta har ya koma rabi. Shanu ɗanye suka sha.

Alhamis, bayan magariba

Yau ba ta gane Haruna ba na ɗan lokaci. Ta ce masa Kawu Mamman. Daga baya ta dawo daidai, ta yi dariya, ta ce barci ne. Likita bai yi dariya ba. Ya ce abin da ke ba shi mamaki, kullum suna ƙara mata ruwa suna ba ta magani, amma kamar ana ɗebewa ta wani gefe. Ya sake tambayata ko akwai abin da ake kawo mata daga gida. Na ce ba magani ko ɗaya. Ruwa ai ba magani ba ne.

Ya Allah, ni ba ni da kowa sai ita. Ubanta ya tafi ya bar mu tana aji uku. Ka ɗauki abin da ya rage na kwanana ka ƙara mata. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa ji ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, safe

Shanu ɗanye suka sha.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan azahar

An yi sallama da hantsi ina kan hura wuta. Wani mutum ne mai ƙaramin gemu, da jaka a kafaɗa, Mamman a bayansa yana kallon ƙasa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ina kwana, ina gajiya, ya mai jiki, ya zafi. Ya ce, "Malama ba ta gane ni ba. Anas ne, aji biyar, wanda kike sa wa riƙon bokiti ranar duba tsabta."

Na gane shi. Kansa kullum da ƙwarƙwata. Yanzu wai shi ke gwajin ruwa, shi ya ɗebi na tafkin, yana bin gidajen da aka kai wa.

Ya leƙa duro. Ya leƙa tukunya. Ya ga filas a kan turmi, a cike yana jira. Ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Malama, wanga na wanka ne kaɗai ko?"

Na ce, "Kai ka manta abin da nike sa ku rerawa?"

Ya ce bai manta ba. Ya faɗe shi a hankali, yadda na tsara musu shi da kaina: ruwan da ya ga wuta, cuta ba ta kwana cikinsa. Ya ce har 'ya'yansa ya koya wa, kuma gaskiya ne ga kwalara da taifot da tsutsar ciki. Sannan ya ce, "Amma wanga daban ne, Malama. Ki yi mini haƙuri."

Zan rubuta yadda ya faɗa, ni ce ɗaliba yau. Koren nan ba gansakukar da muka sani ba ce, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya rarrabewa. In ruwa ya tsaya wuri ɗaya, zafi ya yi yawa, taki da kashin shanu suna gangarawa ciki, sai su yi ta haihuwa har su rufe shi. Wasunsu da dafi a cikinsu, dafin da ke bin hanta. Wuta tana kashe su, amma ba ta kashe dafin. Tana fasa su ne ya fito. In ruwan ya ƙone ya ragu, dafin ba ya bin tururi, yana nan a ƙasa, ya ƙara kauri.

Na ce na tace. Ya ce mayafi yana tare kore, ba ya tare abin da ya riga ya narke. Na ce na sa alam. Ya ce yana taimakawa, bai isa ba. Na ce to gawayi, na san ana tace ruwa da gawayi, ga shi buhu guda. Ya ce akwai gawayin da ke kama shi, amma na musamman ne da ake sarrafawa, na murhu ba abin dogaro ba ne. A manyan matatu da shi da sinadari a aune suke fama, su ma sai da gwaji. A gida, ya ce, magani ɗaya ne, kada a taɓa ruwan.

Na ce, "Wanda ya fi tafasawa fa?"

Ya kalli Mamman. Mamman ya kalli toka.

Anas ya ɗebi na duro a kwalba ɗaya, na tukunya a wata. Ya ce sai an aika wani gari, sakamako zai ɗau kwanaki, kuma ba zai rantse cewa shi ne ciwonta ba, wannan na likita ne. Ya ce, "Amma likita ba shi iya neman abin da ba a hwaɗa mishi ba." Da zai tafi ya sake durƙusawa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Asabar, la'asar

Ban je asibiti ba. Na ce wa Haruna kaina ke ciwo.

Lahadi, 11 ga Mayu, hantsi

Kwana talatin da ɗaya da haihuwa. Kwana sha takwas a gida, filas da kunu. Kwana sha biyu a asibiti, a cikin hijabi. Na lissafa na sake lissafawa, malamar lissafi ba ta fi ni ba yau. Ranar Alhamis da Juma'a su ne ba na iya wucewa, don a ranakun nan na riga na ji labarin shanu.

Na kwarar da duro a kwata. Sai da na kwarar na tuna awakin maƙwabta suna sha a nan, na bi da tsintsiya da ƙasa ina rufewa kamar mahaukaciya. Matar gidan kusa ta leƙo ta katanga ta ce lafiya, Malama? Na ce shara nake.

Ban je ba yau ma. Sadiyya ta ce maijego tana ta tambaya ina Inna, ina ruwanta, ta ƙi shan nasu, leɓenta ya bushe.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan azahar

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tafi da filas ɗin, wanda na cika ranar Asabar ban zubar ba.

Na samu likita a ofis, Haruna yana ciki. Na so ya fita, surukina ne, ban taɓa ko cin abinci a gabansa ba. Sai na ga in ya fita zan sake cewa "tafasasshe". Na ajiye filas a kan tebur na faɗi komai, tafkin, mayafin, hijabin, har shanun Hamman da ranar da na ji.

Likita bai yi faɗa ba. Ya rubuta, ya buga waya, ya tambayi lambar Anas. Ya ce ba shi da allurar da ke karya wannan dafi, babu ita. Ya ce kanwar ma tana iya sa hannu, jikin maijego ba ƙarfi gare shi ba, mai yiwuwa ba za a taɓa sanin rabon kowanne ba. Amma hanta tana iya gyara kanta in an daina zuba mata, in ba a makara ba. Na ce an makara? Ya ce, "Mu ga kwana biyar."

Muka fito ni da Haruna. A baranda ya ce, "Mama, an kai ki gida?" Muryarsa daidai, da ladabi, kamar kullum. Bai kalle ni ba. Dā ma ba ya kallona, amma na san bambancin.

Talata, 13 ga Mayu, safe

Ban hura wuta ba. Hannuna ya kai ga ashana sau biyu da kansa.

Laraba, 14 ga Mayu, la'asar

Tana barci mafi yawan lokaci. Ta jijiya suke ba ta ruwa. Ba wanda ya faɗa mata, Haruna ya ce ba shi zai faɗa ba. Na zauna a kujera daga nesa, na ja carbi har yatsana ya yi zafi. Yara nawa na sa suka rera abin nan? Kowane aji yara arba'in, shekara talatin da ɗaya. Wasu yanzu suna da 'ya'ya mata, wasu suna kusa da tafki.

Na kira Anas na ce in zai bi gidaje ya zo ya ɗauke ni, mata sun fi jin maganar tsohuwa. Ya ce to, Malama. Na je gidan Mamman da yamma na ba shi haƙuri. Ya ce shi ya kawo ruwan. Muka zauna muna ƙwace laifi a hannun juna, har Sadiyya ta ce mu tashi mu ci tuwo. Madina ta yi kumatu. Ruwan gorar da na yi wa dariya take sha.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ba canji.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan azahar

Likita ya ce lambobin gwajin sun daina hawa. Ba su sauko ba, sun dai tsaya. Ya ce kada in yi murna tukuna. Ban san ma yadda ake yi ba.

Gida huɗu muka shiga da Anas a bayan gari. A na uku wata tsohuwa ta ce mini, "Ai muna tafasawa, Hajiya." Na zauna a tabarmarta na ba ta labari tun daga farko.

Talata, 20 ga Mayu, hantsi

Yau arba'in. Yau ya kamata in yi mata lalle da kitso, a dafa shinkafa a raba, in raka ta GRA da turaren wuta da yaji a gwangwani. Na yi tanadin komai tun tana da ciki wata bakwai.

Na same ta zaune, an jingina ta da matashi. Idon da sauran rawaya, amma nata ne, ta gane kowa. Likita ya ce lambobin sun fara sauka, sai dai za ta daɗe tana zuwa gwaji, kuma bai san ko hantar za ta koma yadda take ba. Nonon ya ƙafe. Ba za ta shayar da Madina ba.

Tana ganina ta kalli hijabina, wurin da filas yake zama.

Ta ce, "Inna, kin daina kawo mini ruwana. Su na sanyi suka ba ni, ni ko na ce kin hana. Ƙishi nike ji."

Haruna ya tashi ya fita. Na ɗauki ledar ruwa a kan kwabar gefen gado, sanyinta har cikin ƙashina. Na huda da haƙori na zuba a kofi. Na matso, na zauna a bakin gadon, abin da ban taɓa yi ba. Ta ja baya kaɗan don ba ta saba ba.

Ta ce, "Mai sanyi ne hwa, Inna."

Na ce, "Na sani. Sha, Ramla."

Ba ta karɓi kofin ba. Ta tsaya tana kallona, shekara ashirin da shida ba ta taɓa jin sunan nan a bakina ba. Ta ce, "Inna, mutuwa za ni yi?"

Na ce a'a, da yardar Allah. Na ce akwai abin da zan faɗa mata, mai tsawo ne, kuma in na gama tana da iko ta ce in tashi daga gadon. Amma ta fara sha.

Ta sha. Na riƙe mata kofin har ya ƙare, sannan na fara daga tafkin.